Tambayoyi da Amsoshi kan Haɗa Koyiloba da Saita Ta ga Motar Gudu a Damagaram

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi maimaituwa a bakin masu motocin gudu da makanikai a Zinder, tun daga wanda ya fara jin sunan koyiloba har zuwa wanda ya riga ya ɗaura ta yana neman yadda zai saita. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu lissafi.

Mece ce koyiloba, kuma da me ta bambanta da ƙafar da mota ta zo da ita?

Koyiloba amortisa ce, wato bututun mai da ke hana mota yawan lilo, da aka zura cikin sifirin mai murɗe, aka haɗa su suka zama abu guda, sannan aka yanka zaren noti a jikin bututun amortisar domin faifan da sifirin ke zaune a kai ya riƙa hawa ko sauka idan an murɗa shi. A ƙafar da kamfani ya ɗaura, wannan faifai a walde yake, saboda haka tsayin mota da ƙarfin sifirin sun zauna ke nan yadda injiniyoyin kamfanin suka yanke. A koyiloba kuwa mai mota yana iya canza tsayi, ya canza sifirin da wani mai ƙarfi daban, kuma a mafi yawansu akwai ɗan maɓalli da ke ƙara ko rage riƙon amortisa.

Iri biyu ne suka fi yawa a kasuwa. Akwai wadda faifan sifirin kaɗai ke motsi, wato duk saukar da aka yi wa mota daga tazarar motsin amortisa ake cire ta. Akwai kuma wadda gindinta ma yake da zaren noti, ana iya gajarta jikinta gaba ɗaya ba tare da an taɓa sifirin ba. Muhimmancin wannan bambanci zai fito a amsar da ke kan matse sifirin da kuma wadda ke kan tazarar motsi.

Anya koyiloba tana da amfani a irin hanyoyinmu?

Tana da amfani, amma da sharaɗin a haɗa ta domin hanyar da motar za ta bi. Yawancin kayan da ake sayarwa a kwali, na kamfanoni irin su KW da Bilstein na Jamus, ko Tein na Japan, ko BC Racing na Taiwan, an tsara su ne da tunanin kwalta mai santsi da filin tsere, inda sauke mota da taurara ta ke ƙara mata riƙon hanya. Motar da ke Zinder kuwa a rana ɗaya tana iya hawa babbar hanyar da ta nufi Mirriya ko Takeita, ta haura tudun rage gudu a cikin gari, ta kutsa lungun Birni mai duwatsu, sannan ta sauka kan burji mai gargada. Taya ba ta riƙe ƙasa sai tana taɓa ƙasa, kuma a hanya mai rami abin da ke sa ta ci gaba da taɓawa shi ne yawan tazarar da take da ita ta hawa da sauka.

Tarihi ma ya nuna haka. Peugeot 504, wadda iyayenmu suka yi ta zirga-zirga da ita tsakanin Damagaram da Kano, ta yi suna ne saboda ƙafarta mai laushi da doguwar tazara, kuma irin wannan mota ce ta ci gasar Safari ta Kenya a 1975 da kuma 1978. A ganina, wanda zai haɗa koyiloba a nan ya fi kyau ya ɗauki darasi daga motocin gasar daji fiye da motocin filin tsere.

Wacce ta fi, amortisa mai bututu ɗaya ko mai bututu biyu?

Mai bututu biyu tana da bututu a cikin bututu, mai yana kai-kawo tsakaninsu, kuma tana da araha da haƙurin duka, domin ko dutse ya lotsa bututun waje fistan yana ci gaba da aiki a na ciki. Rauninta shi ne zafi: idan ta daɗe tana aiki a kan gargada mai yana gaurayuwa da iska ya yi kumfa, sai riƙonta ya ragu. Mai bututu ɗaya, wadda injiniyan Faransa Bourcier de Carbon ya ƙirƙiro a shekarun 1950, tana da wani fistan na biyu mai yawo wanda ya raba mai da iskar naitirojin mai matsi, don haka mai ba ya kumfa, fistan ya fi faɗi, kuma zafi yana fita kai tsaye ta jikin bututu.

A garin da zafi ke haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, mai bututu ɗaya ce ta fi dacewa da motar da ake tuƙa da ƙarfi. Idan kuma motar za ta riƙa doguwar tafiya a burji, mai ƙaramin tanki a gefe ta fi, saboda yawan mai yana jinkirta zafi. Ga motar da ba ta fita daga kwaltar cikin gari, mai bututu biyu ta kamfanin kirki ta wadatar.

Yaya ake karanta lambar da ke jikin sifirin?

Lambar tana faɗin nauyin da ake bukata kafin sifirin ya dannu da milimita ɗaya. Sifirin da aka rubuta masa 8K yana bukatar kilo 8 a kan kowace milimita, wato kilo 80 za su danne shi da santimita ɗaya. Kamfanonin Turai suna rubutawa da niyuton, inda kilo ɗaya a milimita ya yi daidai da niyuton 9.8 a milimita, na Amurka kuma da laba a kan inci, inda kilo ɗaya a milimita ya kai kusan laba 56. Sau da yawa akan ga lambobi uku a jere, na faɗin ciki, da na tsawo, da na ƙarfi. Faɗin ciki yakan kasance milimita 60, 62 ko 65, ko kuma inci 2.25 ko 2.5, kuma dole ne ya dace da faifan da zai zauna a kai, domin sifirin da ya yi wa faifai yawa yana goga zaren noti har ya cinye shi.

Me ya sa sifirin ɗaya yake yin tauri a wata mota, ya yi laushi a wata?

Saboda ba a kowace mota ce sifirin ke motsi daidai da taya ba. A ƙafa irin ta MacPherson, wadda ke gaban Corolla da Golf da BMW jerin 3, amortisa tana tsaye dab da taya, don haka idan taya ta hau milimita 50 sifirin yakan dannu da kusan 48. A ƙafa mai hannu biyu, sama da ƙasa, sifirin yana zaune ne a tsakiyar hannu, kuma hawan milimita 50 na taya yana iya danne shi da 35 kawai. Idan aka raba motsin sifirin da motsin taya ana samun kason motsi, wato 0.97 ko makamancinsa a ta farko, 0.7 a ta biyu.

Ƙarfin da taya ke ji shi ne ƙarfin sifirin a ninka da wannan kaso har sau biyu. Sifirin 8K a kan kaso 0.97 yana ba taya kusan kilo 7.5 a milimita, amma a kan 0.7 abin da ke isa taya bai kai kilo 4 ba. Ana auna kason ne a gareji: a cire sifirin, a mayar da amortisa, a ɗaga cibiyar taya da jak daidai milimita 50 daga inda take zama, a auna yadda amortisa ta gajarta. Idan sifirin da amortisa a rabe suke, kamar a bayan Golf 4 da BMW E46, sai a auna kowane daban.

To, yaya zan san ƙarfin sifirin da ya dace da motata?

Injiniyoyi suna kwatanta taurin motoci da yawan lilon da jikin mota ke yi a kan sifirin cikin sakan ɗaya. Motar iyali tana tsakanin 1 da 1.5, motar gudu ta titi da ta gasar daji tsakanin 1.5 da 2, motar filin tsere kuwa daga 2 zuwa sama. Lissafin shi ne: a ninka yawan lilon da ake so da 6.28, a ninka sakamakon da kansa, sannan a ninka da nauyin da ke kan sifirin a wannan kusurwa, wato nauyin kusurwar bayan an cire na taya da birki da cibiya. Abin da ya fito a raba shi da 1,000, shi ne ƙarfin da taya ke bukata da niyuton a milimita.

A ɗauki kusurwar gaba mai kilo 330, ana son lilo 1.6. Lissafin yana ba da kusan niyuton 33 a milimita a wajen taya. Sai a raba wannan da kason motsi har sau biyu, a kuma raba da 9.8 don a koma kilo: idan kason motsi 0.97 ne, sifirin da ake bukata kusan 3.6K ne, idan kuma 0.7 ne sai kusan 7K. Yanzu a duba abin da zai faru idan aka ɗaura 8K a ƙafar MacPherson ta wannan mota, kamar yadda kaya da yawa ke zuwa a kwali: lilon zai tashi zuwa kusan 2.4, kuma nauyin mota zai danne ƙafar da milimita 44 kacal, maimakon kusan 97 da take samu a 1.6. Ma'anar wannan ita ce, da zarar ƙasa ta zurma fiye da santimita huɗu da rabi ƙarƙashin tayar, sifirin ya gama miƙewa, ba abin da ke danna tayar ƙasa, kuma a wannan ɗan lokaci birki da sitiyari ba su da iko a kanta. Wannan lissafi kaɗai ya isa ya sa mutum ya yi tunani kafin ya biya kuɗin kayan da aka yi wa laƙabin na tsere.

Ga hanyoyin Damagaram ina ba da shawarar a tsaya tsakanin 1.5 da 1.8. Baya kuma a sa ya ɗara gaba da kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, ƙa'idar da Maurice Olley ya fito da ita a kamfanin General Motors a shekarun 1930, domin baya yana taka tudu bayan gaba, kuma idan lilonsa ya fi sauri sai ya cim ma gaba, mota ta sauka a miƙe maimakon ta riƙa sunkuyo da ɗagowa.

Idan na matse sifirin da faifai, zai ƙara tauri?

A'a. Sifirin mai murɗi iri ɗaya daga sama har ƙasa ƙarfinsa ba ya canzawa ko an matse shi, 5K yana nan 5K. Abin da matsin farko ke yi shi ne ɗaga mota, tare da canza rabon tazarar amortisa, a ƙara ta dannuwa a rage ta miƙewa. Idan aka yi masa yawa sai amortisa ta riƙa kai wa ƙarshen miƙewarta da ƙara, direba ya ji kamar mota ta taurara, alhali tazara ce ta ƙare. A koyiloba mai gindi mai murɗuwa, ana murɗa faifai har ya taɓa sifirin ya daina girgiza, a ƙara milimita kaɗan gwargwadon abin da kamfani ya rubuta, a kulle, sannan a nemi tsayi daga gindi. Idan sifirin yana sakewa lokacin da taya ta rataya, ana sa masa ƙaramin sifiri mai laushi na taimako wanda ke riƙe shi a mazauninsa.

Nawa ya kamata in sauke motar?

Kaɗan. Milimita 15 zuwa 25 sun isa su rage wa mota tangaɗi, kuma wanda ke yawan bin hanyar Tanut ko ƙauyukan da ke gefen Magarya zai fi samun riba idan ya bar ta a tsayin kamfani. Dalili na farko a bayyane yake, kaskon man inji da bututun hayaƙi suna kusa da ƙasa, kuma tudun rage gudu ɗaya ya isa ya fasa kasko. Dalili na biyu ba a ganinsa sai an leƙa ƙasa: a ƙafar MacPherson, idan aka sauke mota har hannun ƙasa ya karkata, wajen taya ya fi wajen jikin mota tsayi, cibiyar jirkicewar mota tana faɗuwa fiye da yadda nauyinta ya sauka, sai motar ta ƙara son kwantawa a kwana duk da an sauke ta. A lokaci guda tayarod, sandar da ke haɗa sitiyari da taya, yana fita daga layinsa, taya ta riƙa juya kanta duk sa'ad da ta taka tudu, shaf kuma yana aiki a karkace robarsa ta yi saurin yagewa.

Ana auna tsayi daga tsakiyar cibiyar taya zuwa bakin fenda, a kan daɓe mai daidai, domin awo daga ƙasa yana canzawa da iskar taya. A rubuta awon kusurwa huɗu tun kafin a kwance tsohuwar ƙafa.

Yaya ake tabbatar da tazarar motsi ta isa?

A cire sifirin, a ɗaura amortisa da taya, a ɗaga ƙafar da jak a hankali har ta matse robar tsayawa, wato robar da ke tare amortisa a ƙarshen dannuwarta, sannan a juya sitiyari hagu da dama a duba ko taya tana taɓa fenda, ko tiyon birki ya miƙe, ko wani ƙarfe ya haɗu da wani. Robar tsayawa ce ya kamata ta tsayar da ƙafa kafin komai ya taɓa komai. Daga nan a mayar da sifirin, a sauke mota, a duba inda sandar amortisa ta zauna: abin so shi ne kusan kashi biyu cikin uku na tazara ya rage wa dannuwa, kashi ɗaya ga miƙewa. A kuma lissafa ko sifirin zai haɗe murɗinsa kafin amortisa ta kai ƙarshe, domin idan hakan ta faru dukan yana tafiya kai tsaye cikin jikin mota.

Akwai gwaji mai sauƙi bayan an gama. A ɗaura siririn maɗaurin roba a sandar amortisa, a tura shi ƙasa ya taɓa bakin bututu, a yi tafiyar da aka saba, a dawo a duba. Inda maɗaurin ya tsaya shi ne iyakar dannuwar da ƙafa ta yi. Idan kullum ana samunsa a nutse cikin robar tsayawa bayan tafiyar cikin gari, to mota ta yi ƙasa da yawa, ko sifirin ya yi laushi, kuma a fara gyara tsayi kafin a taɓa sifirin.

Mene ne aikin maɓallin amortisa, kuma daga ina zan fara?

Sifirin ne ke ɗaukar nauyi, amortisa kuwa tana hana shi yin lilo ba ƙarewa, ta hanyar tilasta wa mai bi ta ƙananan ramuka da siraran faya-fayan ƙarfe da ke jikin fistan. Tana riƙewa ta fuska biyu, lokacin dannuwa da lokacin miƙewa, kuma a motocin titi riƙon miƙewa yakan ninka na dannuwa sau biyu ko uku. Akwai kuma bambanci tsakanin motsi a hankali, irin na taka birki da shiga kwana, da motsi na farat ɗaya, irin na faɗawa rami. Koyiloba mai maɓalli ɗaya tana canza miƙewa ne, ko duka biyun tare, mai maɓalli biyu tana raba su, mai uku kuma tana raba dannuwar hankali da ta farat ɗaya.

A yawancin kamfanoni ana ƙirga ƙas-ƙas ɗin maɓalli ne daga inda ya rufe gaba ɗaya, kuma ba a matsa shi da ƙarfi idan ya kai ƙarshe, don allurar da ke ciki tana lalacewa. A fara daga lambar da kamfani ya bayar. Idan maɓalli biyu ne, a sassauta duka, a riƙa ƙara dannuwa ƙas biyu-biyu har mota ta fara tsalle a kan ƙananan tudu, a koma baya ƙas biyu, sannan a ƙara miƙewa har mota ta riƙa kwantawa a kwana sau ɗaya ta zauna ba tare da lilo ba. Abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, a kan hanya ɗaya, da gudu ɗaya, a rubuta a littafi. Wurin gwajin kuma ya zama fili ko hanyar da ba kowa, domin titunan cikin gari na ƴan kabu-kabu ne da amalanke da yara ƴan makaranta, kuma babu saitin da ya kai ran mutum.

Me ya sa motata ke taurara tana zamewa idan na daɗe a kan gargada?

Abu biyu ne ke jawo haka. Na farko riƙon miƙewa ya yi yawa: tudu ya danne ƙafa, kafin ta gama dawowa wani tudun ya sake danne ta, a haka mota ke ta nutsewa har ta zauna a kan robar tsayawa. Alamarsa ita ce taurin yana zuwa cikin ƴan sakanni da shiga gargadar, kuma yana tafiya da an fito. Maganinsa rage miƙewa ƙas biyu ko uku, kamar yadda aka bayyana a amsar maɓalli. Na biyu zafi ne, wanda ke zuwa a hankali bayan tafiya mai nisa, mai ya tsinke, mota ta fara lilo kamar kwale-kwale. Wannan ba maɓalli ke gyara shi ba, sai a duba amsar da ke kan bututu ɗaya da biyu, da wadda ke kan kulawa.

Mene ne daidaita nauyin kusurwa, kuma dole ne a yi shi?

Tun da kowace ƙafa tana da tsayinta, ana iya samun mota ta tsaya daidai a ido amma tayoyi biyu na gicciye sun fi ɗaukar nauyi, sai ta riƙa shiga kwanar hagu daban da ta dama. Ana ɗora mota a kan sikeli huɗu a daɓe mai daidai, da direba a ciki, da rabin tanki, da iskar taya daidai, an kuma kwance sandar sitabilaiza, wadda ke haɗa ƙafar hagu da ta dama don rage kwantawa a kwana, a gefe ɗaya. A haɗa gaban hagu da bayan dama, a raba da jimillar nauyi, abin nema shi ne kashi 50. Misali, gaban hagu 420, gaban dama 380, baya 300 da 300: gicciyen ya zama 720 cikin 1,400, wato kashi 51.4. Sai a ɗan sauke gaban hagu ko bayan dama, ko a ɗaga sauran biyun, domin ɗaga kusurwa yana ƙara mata nauyi ita da abokiyar gicciyenta. Ba ya mayar da nauyi daga gaba zuwa baya, wannan sai an matsar da abu kamar batir.

Ga motar titi, idan ba a sami sikeli ba, a tabbatar tsawon koyiloba da matsin sifirin na hagu da dama sun zo ɗaya, wannan yana kai mutum kusa.

Sai na sake saitin taya bayan na ɗaura?

Dole ne, kuma bayan an gama da tsayi, domin duk canjin tsayi yana canza saitin. A bar mota ta yi ƴan kwanaki sifirin ya zauna tukuna. Kamba, wato karkatar saman taya zuwa ciki, digiri 1 zuwa 1.5 ya isa ga titi, abin da ya kai 3 na filin tsere ne kuma yana cinye cikin taya a doguwar tafiya irin ta Yamai. Buɗewa ko tsukewar gaban taya a bar ta kusa da ta kamfani, don ita ce ta fi cin taya idan ta kauce. Wani abu da makanikai ke yawan tsallakewa shi ne ɗaure notin bushin roba: ana ɗaure su ne mota tana tsaye a kan tayoyinta, in aka ɗaure tana rataye a jak robar za ta zauna a murɗe ta yage da wuri.

Gaba yana ƙin kwana, ko baya yana zamewa. Me zan taɓa?

Ƙa'idar ita ce ɓangaren da ya fi tauri shi ke fara sakin ƙasa. Idan gaba yana tafiya miƙe an juya sitiyari, a sassauta gaba ko a ɗan taurara baya, idan baya ne ke fita a yi akasin haka. Amma a bi tsari: iskar taya tukuna, sai saitin taya, sai sitabilaiza, sai sifirin. Maɓallin amortisa yana tasiri ne a shiga kwana da fita, lokacin da nauyi ke ƙaura, matsalar tsakiyar kwana kuwa ta sifirin ce da sitabilaiza da kamba. Ga titin da yashi ke kwanciya a gefensa, motar da gabanta ke ɗan turjewa ta fi aminci a kan wadda bayanta ke saurin fita.

Zan iya haɗa tawa a wajen mai walda maimakon sayen ta kwali?

Ana iya yi, kuma sau da yawa ita ce hanyar samun doguwar tazara da sifirin da lissafi ya nuna. Ana samo amortisa mai kyau ta Bilstein ko Koni, da hannun riga na ƙarfe mai zaren noti, da faifai, da sifirin Eibach ko H&R mai lamba a jiki. A ƙafar MacPherson mai amortisar zurawa, ana zare amortisar gaba ɗaya, a yanke tsohon faifai daga kwanson, a walda zoben da hannun rigar zai zauna a kai. Ba a taɓa kai wuta ko walda jikin amortisa mai iska, domin matsin da ke cikinta ya ninka na taya sau da yawa kuma tana iya fashewa. Ba a yanke sifirin kamfani ko a gasa shi don a sauke mota, yankewa tana gajarta shi ya riƙa fita daga mazauni, wuta kuma tana kashe ƙarfen. A motar da sifirin bayanta yake rabe da amortisa a bar shi a inda yake, saboda mazaunin amortisa na sama ba a gina shi don ɗaukar nauyin mota ba. Ƙarfin sifirin kuma kada ya yi nisa da abin da aka tsara bawul ɗin amortisar ya riƙe, in ya yi nisa sai an sake jera faya-fayan cikinta.

Yaya zan kula da ita a ƙurar hunturu da ruwan damina?

Ƙura ce babbar abokiyar gaba. Tana shiga zaren noti ta daskare da faifai, tana kuma manne wa sandar amortisa ta cinye robar da ke tare mai. A wanke zaren da burushi da ruwa kafin a murɗa faifai, a ɗaga mota nauyi ya sauka daga kan sifirin, a yi amfani da sifanar da aka yi domin faifan maimakon guduma da kurfi. Man shafawa mai danƙo yana tara yashi, saboda haka a shafa kaɗan a goge, sannan a sa wa koyilobar rigar yadi ko ta roba. Mazaunin sama mai ƙwallon ƙarfe tsirara yana saurin yin ƙara a ƙura, mai roba ya fi daɗewa a nan. Bayan damina a duba tsatsa da robar kariya. Man amortisa yana tsufa, kuma wa'adin sabuntawa da kamfani ya rubuta na ƙasashe masu sanyi da kwalta ne, don haka a rage shi.

Idan zan sayi ta hannu daga Kano ko Kwatano, me zan duba?

A cire sifirin a danna sandar da hannu: ta shiga da turjiya iri ɗaya ba tare da wani wuri da take faɗawa fayau ba, kuma mai iska ta dawo da kanta, ta hagu da ta dama da sauri ɗaya. A shafa sandar da farce a ji ko akwai ƙarzuwa, a duba danshin mai a bakin bututu, a murɗa kowane faifai daga sama har ƙasa, a juya maɓalli a ji ƙas ɗinsa kuma a ji turjiyar ta canza. A karanta lambar sifirin a yi lissafin da aka nuna a amsar zaɓen ƙarfi tun kafin a yi ciniki, a kuma auna tsawon sandar da ke fita, domin amortisa mai gajeriyar tazara ba ta gyaruwa da canjin sifirin. A ƙarshe a tambayi ko irin wadda ake buɗewa ce a sabunta, da kuma ko ana samun robobinta da manta, domin wadda aka rufe da walda ranar da ta fara yoyo sai dai a nemi wata.